A Nemo Uban Yarinya

A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna shi ya ce nawa ne. Ban san wanda ya fara wannan ba, haka na tashi na tarar. Babban wanmu har ya yi gemu ya rasu ban taɓa jin Baffa mahaifinmu ya kira sunansa ba, sai dai ya ce “kai” ko “wancan”. To ni ma da Allah ya ba mu ɗiya mace, ni da matata Zuwaira, haka muka yi. Ana yaye ta, Inna mahaifiyata ta goya ta ta wuce da ita bukkarta. Yarinyar ta tashi tana ce wa Inna Inna, tana ce wa Baffa Baffa. Ni kuma Hamma take ce mini, wato yaya. Ba wanda ya yi mata ƙarya, ba kuma wanda ya zaunar da ita ya gaya mata.

Rugarmu tana bayan Batagarawa. Mun daɗe da zama a nan, har gona muke yi. Shekarar da soja suka ce za su sauka, yarinyar tana da shekara shida, haƙorinta na sama ya fara girgiɗi. Muka ce famfara ce. Sai wani ya biyo, sai wani, har da na can ciki waɗanda lokacinsu bai yi ba. Kumatun hagu ya tasa. Inna ta ce hangum ne, ta shafa mata toka da man shanu. Kafin mako biyu fuskar ta karkace, baki ya koma gefe guda. Muka kira Ɗanliti wanzami. Ya zo da zabirarsa, ya taɓa wurin da yatsa biyu, ya daɗe yana taɓawa, sannan ya mayar da askarsa.

“Wannan ba na aska ba ne,” in ji shi. “Ku tahi Katsina, kada ku tsaya.”

Baffa ba ya nan. Tun bayan kaka ya yi kudu da garken, can gaba da Funtuwa, ba zai juyo ba sai ruwa ya zauna. Ni aka bari da shanun tatsa da gona. Zuwaira kuma tana jego. Don haka ranar Laraba da safe ni da Inna muka ɗauki yarinyar, Inna ce ta goya ta, muka shiga mota.

A asibiti mun sha yawo. Wurin kati suka tura mu wurin masu haƙori, mai haƙori ya leƙa bakin ya kira wani, wancan ya rubuta takarda ya ce mu bi baranda har ƙarshe, ɗakin Dakta Haulat. Ɗaki ne dogo mai gado goma sha biyu. Da na shiga na tsaya cak, don yara uku na gani masu irin fuskar tamu. Ni da na zaci a duniya mu kaɗai abin ya samu.

Nas ɗin da ke wurin, Sista Rashida, Babarbariya ce mai tsagen fuska da babbar murya. Tana ganinmu ta ajiye biro.

“Lale, lale! Yau bayina sun zo gaishe ni. Ina nonon da kuka kawo wa uwargijiyarku?”

Inna da ta kwana biyu ba ta yi dariya ba sai da ta murmusa. “Ina kika taɓa ganin bawa da shanu, Babarbariya? Ku da ba ku da ko akuya.”

Aka gaisa sosai, aka tambayi gida da ruga da gajiyar hanya. Sista ta jawo kati.

“Sunanta?”

Inna ta faɗa.

“Ke ce uwar?”

“Ni ce.”

“Uban fa?”

“Shina wajen shanu.”

“Wannan dogon da ya tsaya kamar sandar kiwo fa?”

Yarinyar ce ta amsa da kanta, da bakinta da ya karkace. “Hamma ne.”

Sista ta rubuta. Ni na dubi siminti. Inna ba ta tsufa ba, autarta ba ta girmi yarinyar da shekara uku ba, don haka ba wanda ya yi mamaki. Ni ma ban ga abin gyarawa ba, tunda duk abin da aka faɗa haka muke faɗarsa a gida.

Dakta Haulat ta zo bayan azahar. Gajeruwar mace ce, tabarau a rataye da igiya, ga tef irin na tela a wuyanta. Ba mu ta fara gaisarwa ba, yarinyar ta fara. Ta tambaye ta sunan saniyar da ta fi so, tana tambaya tana auna kumburin da tef ɗin, tsaye da kwance, tana gaya wa Sista lamba. Daga nan ta sa siririyar allura ta ɗebi ɗan abin da ke ciki, ta shafa a kan gilashi ta tafi da shi.

Da na fita alwala na haɗu da Sista a bakin famfo, ta ba ni labarin likitar ba tare da na tambaya ba. Ta ce 'yar Ƙofar Marusa ce, a Zariya ta yi karatu, shekara goma sha bakwai ke nan ba ta duba komai sai ciwon daji na yara. Ta tafi ƙasar waje ta yi shekara biyar, an ba ta gida an ba ta mota, bana ta dawo da kwalaye na magani. Wai wasu likitoci na can ne suka haɗa kai da ita, da ba sa son turo komai saboda soja, yanzu da aka ce za a koma farar hula suka saki hannu. Ban gane abin da ya haɗa soja da kumatun yarinyarmu ba, amma na ce to.

Washegari Alhamis likita ta zo ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Ta ce ciwon daji ne, irin mai kama muƙamuƙin yara. Ta ce cikin irinsa babu mai saurin girma kamarsa, amma kuma babu mai jin magani kamarsa in an kama shi da wuri. Ta ce maganin yana nan cikin firij, ba a sayarwa.

“Amma akwai sharaɗi,” in ji ta. “Yadda nake bayar da shi, bincike ne. Ina gwada wani tsari, allura shida, ina rubuta abin da ya faru da kowane yaro don na baya su amfana. Maganin yana da ƙarfi. Zai sa amai, gashi zai zube, wani yaron ma jikinsa ba ya ɗauka. Saboda haka ba na sa wa yaro sai uwarsa ko ubansa ya ji daga bakina, ya yarda, ya dangwala yatsa a takarda.”

Sista ta buɗe ɗan gwangwanin tawada, irin wanda muka dangwala ranar zaɓe. Inna na ganinsa ta mayar da hannuwanta duka biyu cikin zane.

“Ni ba ni sa hannu a takarda Malam ba shi nan.”

“Inna, ai ke ce uwa, naki ya isa.”

“In ta mutu fa? Ya dawo ya ce wa ya ba da ita, in ce mi?”

Likita ta lallashe ta, Sista ta yi mata barkwanci, ta yi mata faɗa, ta koma lallashi. Inna ta kafe. Wanda ya san Inna ya san in ta ce a'a ko saniya mai taurin kai ta fi ta sauƙin ja. Sai na ji bakina ya ce, “Ni fa? In dangwala?”

Likita ta dube ni ta saman tabarau. “Sunanka?”

“Gidaɗo.”

“Gidaɗo, na gode, amma na yaya ba ya yi. A nemo uban yarinya. Kuma a yi sauri. Abin da ka gani yau, nan da 'yan kwanaki ya ninka.”

A nan ne ya kamata in yi magana. Na sani yanzu. Amma ga Inna a zaune, ga yarinyar tana kallona da ido ɗaya da rabi, ga iyayen wasu yara sun kasa kunne. Kuma ba kunya kaɗai ba ce, kaina ne ya ɗaure da gaske. Wane uba takardar take nema? Baffa ne ya yanka ragon sunanta. Shi ya ba ta maraƙa. Shi za a je wa in lokacin aurenta ya yi. In mai iko da ita ake nema, ai shi ne. Na ce a raina likita ta yi karatu har ƙasar waje, ta fi ni sanin abin da take nufi.

Inna ta juyo, ba ta dube ni ba, ta dubi ƙafafuna. “Ka ji abin da likita ta ce. Tashi ka nemo ubanta.”

Har yau ban san abin da Inna take nufi da wannan magana ba. Ban tambaye ta ba. Na dai tashi.

Ranar Juma'a na isa Funtuwa, na kwana a masallacin tasha. Asabar da safe garin ya cika da hayaniya, ranar ce ake rantsar da sababbin shugabanni. Wurin mai shayi mutane sun yi da'ira a kan rediyo, ba mai jin na wani. Wani tsoho yana cewa ya ga irin wannan shekara ashirin da suka wuce, bai daɗe ba. Wani matashi yana cewa wannan karon soja sun tafi ke nan. Mai shayin ya miƙo mini kofi.

“Ɗan Fulani, kai ba ka murna? Daga yau kowa na da bakin magana.”

Na ce ina murna.

“Ina za ka da sanda haka?”

“Neman uban wata yarinya.”

“Guduwa ya yi?”

“A'a, yana wajen shanu.”

“Ɗiyar wa ce?”

“Ta gidanmu ce.”

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya koma kan rediyonsa.

Na shiga motar ƙauye, na sauka, na taka da ƙafa har inda aka ce su Baffa sun yi sansani. Na tarar da toka ta yi sanyi, kashin shanu ya bushe. Wasu mata masu tallar nono suka ce ai an yi ruwa can gabas, kwana huɗu ke nan da suka tashi. Lahadi tun da asuba na bi sawu. Na san sawun bijiminmu, ƙafarsa ta baya tana jan ƙasa. Na bi shi har rana ta take, sai sawun ya shiga burtali ya gauraye da na shanu ɗari, ban sake gane komai ba.

Na zauna a gindin wata ɗorawa. Na yi ta saƙa yadda zan gaya wa Baffa in na same shi. In ce masa likita na neman uban yarinya? Na ga fuskarsa a raina, yadda zai dube ni ya yi shiru. Sai na rasa ko shirun zai zama na tashi mu je ne, ko na me ka zo yi nan. Na daɗe a zaune. Daga baya na koma wurin masu nono na bar saƙo, duk wanda ya ga Malam Usman na Batagarawa ya ce masa ana nemansa a asibitin Katsina. Na kama hanyar dawowa.

Litinin da hantsi na shiga ɗakin. Sista Rashida ta gan ni, ba ta ce bawana ba. Da na isa gadon na gane dalili. Kumburin ya hau sama ya rufe idon hagu, ya turo shi waje. Baki ba ya rufuwa. Inna tana ɗura mata nono da cokali, rabi na shiga rabi na zuba. An sa mata ƙarin ruwa a hannu.

“Hamma,” in ji ta, da ƙyar nake ganewa, “ka zo da Baffa?”

Na juya fuskata wajen bango. “Ban same shi ba.”

Ashe likita tana tsaye a bayana. Ta zo ta auna da tef, ta faɗi lamba, Sista ta rubuta a ƙarƙashin ta ranar Laraba. Ban iya karatu sosai ba, aji uku na yi a makarantar 'ya'yan makiyaya, amma na san sha ɗaya ta fi bakwai. Likita ta naɗe tef ɗin a hankali, tana kallona.

“Gidaɗo, zo mu je ofis.”

Ofis ɗin ƙarami ne, littattafai har ƙasa, ga na'urar da take leƙa gilashi da ita a kan tebur. Bango guda taswira ce babba, an soke ta da ƙananan ƙusoshi masu kai kala-kala. Ta ga ina kallo.

“Kowace ɗaya yaro ne,” ta ce. “Inda na soka, nan ne garinsu. Tun ina Zariya nake tara su. Ka ga yadda suka taru a bakin fadamu da inda sauro ya yi yawa? Dalilin haka nake nema. Kore, yaron ya warke. Ja, ya rasu. Fari kuma, kumburi ya saɓe bayan allura ɗaya ko biyu, iyaye suka ce an warke suka tafi, ban sake jin labari ba.”

Fararen sun fi yawa. Na yi ta kallonsu don kada in kalle ta.

“Zauna.” Na zauna a bakin kujera. “Ɗazu yarinyar nan ta yi maka magana, kai kuma ka amsa wa bango. Na tambayi Sista, ta ce tun ranar da kuka zo ba ta ji ka kira sunanta ba, ba ta ga ka taɓa ta ba. Amma kai ne ka yi kwana uku a daji saboda ita. Ni dai ban taɓa ganin wan da ke jin kunyar ƙanwarsa ba. Gidaɗo, ɗiyar wa ce?”

“Ta Inna ce.”

“Na sani. Wa ya haife ta?”

Na ji fankar sama tana juyawa. Na ji wani yaro yana kuka can cikin ɗaki.

“Ba a faɗa, ranki ya daɗe.”

Ta cire tabarau ta rufe idonta da hannu. Na zaci faɗa za ta yi. Sai na ji ta ce, “Innalillahi. Kwana huɗu.” Ta sake cewa, “Kwana huɗu, magani na cikin firij, uba na tsaye a gabana.”

“Na zaci mai iko da ita kike nema.”

“Ba laifinka ba ne kai kaɗai. Ni ɗiyar fari ce, ka sani? Mahaifina yana nan Ƙofar Marusa. Ranar da na gama karatun likita sa ya yanka, unguwa duka ta ci, amma har gobe ‘waccan ta asibiti’ yake ce mini. A cikin abin na girma. Na je na daɗe a waje, na dawo ina duban kati ban dubi mutum ba.”

Na ce, “To da kin bari na dangwala a matsayin yaya, ai da an wuce wurin.”

Ta mayar da tabarau. Sannan ta ce lokacin da take sabuwar likita, wani kawu ya kawo yaro, ya sa hannu, ta ba da magani. Jikin yaron bai ɗauka ba, ya rasu. Bayan kwana biyu uban ya iso daga Legas, ashe bai ma san an kai ɗansa asibiti ba.

“Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, ‘Likita, wa ya ba ki?’ Tun daga ranar na yi alkawari. Yau kuma alkawarin nawa ne ya ci mana kwana huɗu. Ka ga ni ma ban san daidai ba.”

Wannan ya ƙara rikita ni, don ban taɓa zaton likita ma tana rasa sanin daidai ba.

Ta jawo takardar, ta sake yi mini bayani tun daga farko, a hankali. Amai, zubewar gashi, zazzaɓin da in ya zo ko ina muke mu taho. Ta ce cikin yara goma wasu ba sa tashi, ba za ta ɓoye mini ba. Ta ce in na ƙi, za ta nemi wata hanyar ta yi mata abin da za ta iya, ba za ta kore mu ba. Ta ce ba sai kowa ya sani ba, ita da Sista sun isa shaida.

Na so in yarda da haka. Amma na tuna Inna za ta ga an sa allura, za ta tambayi wanda ya bayar. In yi a ɓoye kamar na saci ɗiyarta?

“A kira Inna,” na ce.

Sista ta shigo da ita. Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga takarda, ta ga tawada a gabana. Likita ta karanta da Hausa, “Ni Gidaɗo Usman, mahaifin wannan yarinya,” ta ci gaba har ƙarshe. Ba ta sa ni faɗin sunan ba, ta kwafe shi daga kati. Na sa babban yatsana a tawada na danna. Sista ce ta riƙe mini takardar.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta har haɓa. Ba da ni ta yi magana ba.

“Likita, mu ba mu san abin takarda ba.” Ta juya. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa, “Malam in ya zo, ni ban ga komai ba.” Ta fita can gindin dalbejiya ta zauna, ta ba ɗakin baya.

Shi ya sa da aka zo sa maganin babu Inna a wurin. Jijiyar hannun ta toshe, sai an nemi wata. Yarinyar ta ga allura ta fara fizge-fizge, tana kiran Inna, numfashinta na sarƙewa saboda kumburin. Sista ta kama ƙafa, likita ta kama hannu, abin ya ƙi.

“Kai Bafulatani!” Sista ta daka mini tsawa. “Ka tsaya kallo? Hau gadon ka rungume ta, ka yi mata magana!”

Na hau. Tun tana jaririya ban ɗauke ta ba, ko a lokacin ma sai in ba kowa a bukka. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ce “ke”, ba ta ji ba. Na ce “yi shiru”, ba ta ji ba. Mutanen ɗakin duk suna kallo.

“Fatu,” na ce. “Fatu, tsaya.”

Ta tsaya cak. Ta ɗago idonta mai gani ta dube ni, har allura ta shiga ba ta motsa ba.

“Hamma,” ta ce, “ashe ka san sunana.”

Sista ta juya baya tana gyara ledar ruwa, ta daɗe tana gyarawa.

Abin da ya biyo baya, da ba a gabana aka yi ba da ban yarda ba. Kwana uku kumburin ya fara laushi. Kafin mako ya narke kamar man shanu a rana, baki ya dawo wurinsa, ta ci tuwo. A rana ta shida Baffa ya iso, saƙon masu nono ya same shi. Ya gaisa da likita gaisuwa mai tsawo, ya yi godiya, ya zauna da Inna a gindin dalbejiya suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ya taso ya dubi yatsana, tawadar ba ta gama fita daga gefen farce ba. Ya dubi sama. Ya tambaye ni ko mun yi shuka. Na ce ba mu yi ba tukuna. Ya ce a yi, ruwa ya zauna. Iyakar maganarmu ke nan a kan abin, har yau.

Bayan allura ta biyu, muna gida, Inna ta ce an warke, gashin yarinya na zuba a banza, a bar wahalar da ita. Na tuna fararen ƙusoshin nan. Na tuna kuma likita ta ce mini, “Kai ka dangwala, kai zan riƙe.” Ban yi gardama da Inna ba, ban iya ba. Ranar da aka rubuta mana mu koma kawai na tashi da sassafe na tsaya a ƙofar bukkarta da sandata. Na tsaya, na tsaya. Can ta fito da yarinyar ta yi mata wanka, ta ɗaura mata kallabi a kan da ba gashi, ta miƙo mini hannunta ba tare da ta dube ni ba. Haka muka yi har sau huɗu, har allura shida ta cika.

Idon hagu ya koma cikin gurbinsa, amma ba ya gani. In ka duba ba za ka gane ba sai ta juyo da kai gaba ɗaya don ta kalle ka. Na tambayi likita ko kwana huɗun nan ne suka ci idon. Ta ce wataƙila, wataƙila kuma tun kafin mu zo jijiyar ta mutu.

“Ban sani ba, Gidaɗo. Da na sani da ban zauna ina ta rubuce-rubuce ba.”

Ta ce tun daga kanmu ta sa an ƙara tambaya a katinta. Bayan an ce wa ke riƙon yaro, sai a ja mutum gefe a tambaye shi wa ya haifa. Ta ce cikin shekara guda ta samu uba uku da uwa ɗaya a tsaye a bakin gado da sunan yaya.

Da aka cika shekara biyu muka koma awo na ƙarshe. Ta duba ta sosai, ciki da wuya da baki, ba ta ma ciro tef ba. Sannan ta kira ni ofis ta ba ni ƙusa mai koren kai ta ce in soka da kaina. Na rasa inda Batagarawa take a taswirar, na nufi can wajen Daura. Ta kama hannuna ta dawo da shi ƙasa da Katsina kaɗan. Na soka.

Sau shida na kira sunan nan, sau ɗaya a kowace allura. Tun daga nan ban sake ba, bakina ya koma yadda yake. Ita ma Hamma take ce mini har yanzu, ko da yake ina zaton wani ya gaya mata, ko ta gane da kanta, don wani lokaci in ta faɗa sai ta tsaya tana kallona.

A mota muna dawowa ranar, na gaya wa Inna likita ta sallame mu, ba sauran zuwa. Inna ta ce alhamdulillahi. Yarinyar tana zaune tsakaninmu, tana kallon taga har muka wuce ƙofar gari. Sannan ta juyo da kanta gaba ɗaya.

“Hamma, ba za a ƙara yi mini allura ba ke nan?”

“An gama.”

“Ko guda ɗaya?”

Na ce ko guda ɗaya. Ta koma kallon taga. Na so in ce wani abu, amma ga Inna a zaune.